Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Har yau in na ji ana tafa wa yaro don ya ƙara shekara, ba na iya zama a wurin. Mutanen gidan nan sun sani. Da sun kunna kyandir a kan gato, kek ɗin nan nasu, sai in ja tabarmata in koma zaure, su ce tsohuwa ba ta son zamani. Ni ba ruwana da zamani. Na taɓa gani ne da idona an tafa wa yaro, an yi masa waƙa, kuma da waƙar nan aka raba shi da kwanon kununsa.

Jikana ne, ɗan farin 'yata. A ɗakina aka haife shi, nan cikin Birni, don haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Ranar Cika-ciki ce, tukunya na kan wuta, wutsiyar ragon Layya da na busar na adana tana dahuwa a ciki, sai naƙuda ta tashi. Ni na karɓe shi, ni na binne mabiyiya a bayan ɗaki. Ba wanda ya kai wa gwamnati labari, don a lokacin ba mu san haihuwa tana bukatar takarda ba. Bayan wanka uwar ta koma Dakusa gidan mijinta da goyonta, amma duk Cika-ciki sai na aika masa da rabonsa na naman nan, kafin kowa ya taɓa. Haka muke tuna ranar haihuwa a gidanmu. Ba ma ƙirga shekarun yaro da ƙarfi a gaban mutane, don baki ba ya raina abin kamawa.

Sai fari ya zo. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye kamar an yi masa tsawa. Uban yaron ya kulle rumbun da ba kome a ciki, ya nufi kudu neman abin da za a ci, 'yata kuwa ta dawo mini da ɗanta. Da na gan shi a bakin zaure sai da na dafa bango. Kai ya yi girma, wuya kamar sillen kara, hannuwa kamar tsinken tsire. Na ce, “Angona, haka ka zo mini? Ina kayan zance?” Ya yi dariya, dariyar ma da ƙyar ta fito.

A shekarar nan na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Na ga masu rawani a layin jar dawar taimako, mutanen da ubanninsu suka ciyar da ayari, sun langaɓar da kai gefe guda suna kallon yaron da ke riƙe da mudu. Mu Barebari ne, kakannina da raƙumansu suka shigo garin nan, kuma ban ga uwata ta karya wuya a gaban kowa ba har ta koma ga Allah. Don haka na zaunar da jikana na ce masa, “In an ba ka, karɓi da hannu biyu ka gode. In an hana ka, ka juya ka tafi. Amma wuyan nan naka, kada in ga ya karkata. Ɗan gidan nan ba ya langaɓar da kai.” Yaro ne mai riƙe magana. Ya riƙe.

Akwai wani gidan renon yara a bayan unguwarmu da matan ma'aikata suka buɗe, suna kiransa jardan. Yara na wasa, ana koya musu 'yan waƙoƙin Faransanci, amma ni abin da ya kai ni shi ne kunun da ake damawa da madarar gari kowace safiya. Madam ɗin da ke riƙe da gidan ta tambaye ni yaushe aka haife shi. Na so in yi shiru, amma ta ce sai an faɗa za a karɓa, sai na sunkuya na raɗa mata a kunne: ranar Cika-ciki, kuma in ta bana ta zo ya ga bakwai. Ta ce, “Madalla, iya.” Kunun nan ya tayar da yaron. Ya fara gudu a lungu, har ya fara yi mini rashin kunya, na gode wa Allah.

Ranar Cika-ciki da safe Madam ta aiko a kira ni. Na ɗauka wani abu ya same shi, na fita ko mayafi ban daidaita ba. Na tarar an ɗora shi a kan kujera a tsakiyar yara, an kifa masa hular takarda, an ajiye masa biski a faranti. Madam ta ce wai anibasar ake yi masa, bikin ranar haihuwa. Abin da na raɗa mata a kunne, shi ta sa yara suka ƙirga da ƙarfi, suna tafi, har masu wucewa a titi suna leƙowa. Shi kuwa sai washe baki yake yi, bai taɓa ganin an taru dominsa ba.

Da aka gama waƙa ta kama haɓarsa ta ɗaga.

“Iya, duba nan. Ya yi famfara, ga giɓi. Ya zama babban mutum.”

Na ce, “Na gani. Ni na jefa haƙorin a kan soro.”

“To ai jardan na ƙanana ne. Daga yau ya gama da mu, sai lakwal, makarantar boko.”

“Kunun fa?”

“A lakwal ma ana dafa musu abincin rana bana. Har ya fi namu.”

Na ce, “Yarinya, da sallama za ki yi mana, ai sai ki kira ni gefe ki faɗa mini kamar mutum. Wa ya ce ki ɗora mini jika a kujera ki yi shelar shekarunsa kamar ragon da za a kai kasuwa? A garinku haka ake korar baƙo, da kiɗa?”

Ta ce wai don ya ji daɗi ta yi, kuma ga ƙanana nan a bakin ƙofa suna jiran wuri. Ƙananan kam na gan su, ban musa ba, wasu ko zama ba sa iyawa. Amma waƙar nan ban yafe ta ba. Na kama hannunsa muka fito, hular takarda na kansa, ya ƙi cirewa. A hanya ya tambaye ni ko gobe ma za a yi masa. Na ƙara sauri. A yammacin nan babu wutsiyar rago a gidana, don ba mu yi Layya ba. Wani ƙashi maƙwabciya ta ba ni, na dafa da kuka, na tsame masa ɗan abin da ke manne a jiki. Cika-ciki ke nan, ranar da aka ce kowa ya ci ya ƙoshi.

Da aka buɗe lakwal ni na kai shi. Uwarsa ba za ta je ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban maza tana yi masa magana. Muka tarar da layi a ƙarƙashin dogon yaro, direkta, shugaban makarantar, na zaune a bayan tebur. Yaran da iyayensu suka zo da takardar haihuwa, wucewa kawai suke yi, ko kallonsu ba a yi, har da wani ɗan lukuti da na san ranar sunansa, jikana ya girme shi da damina guda. Mu marasa takarda kuwa aka ware mu gefe. Gwajinmu shi ne yaro ya ɗaga hannun dama, ya ɗora ta saman kai, ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya kai bakwai. In bai kamo ba, a koma gida.

Na tsaya ina kallo. Duk yaron da ya matso, sai in ji uwarsa ko gwaggonsa tana raɗa, “Karkata, karkata.” Yaro ya karya wuya, ya turo kunne wajen yatsu, ya taɓa. Direkta yana gani sarai, sai ya duƙa kan teburinsa ya ce, “Wuce.” Da aka zo kan nawa, ya tsaya ƙyam kamar an kafa tabarya. Ya ɗora hannu, ya miƙa, ya miƙa har jijiyar wuyansa ta tashi, yatsun suka tsaya saura kaɗan, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Wata mata a bayana ta ce, “Kai yaro, karkata mana!” Ko motsi bai yi ba.

Direkta ya ce, “Sai baɗi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, baɗin wa? Yaron nan ya ga Cika-ciki bakwai, ni na karɓi haihuwarsa.”

“Iya, ba ni na ce ba, hannunsa ne ya ce.”

“Hannun da yunwa ta cinye? Ku kawo damina ku ga hannu. Kan ne ya kumbura, hannun ya tsotse, sai ku ce shekarun ne suka ragu? Fari gero ya ci, bai ci shekaru ba.”

“Doka ce. In kina so, ubansa ya zo da shaidu a je kotu a yi masa takarda.”

“Ubansa yana inda abinci yake, ban san garin ba. Can jardan sun buɗe bakinsa sun ce haƙori ya ce ya girma. Nan kun ce kunne ya ce bai girma ba. To tsakanin haƙori da kunne, a ina zai ci abinci?”

Mutane suka yi dariya, ni kuwa ba dariya na zo bayarwa ba. Direkta ya ɗaga hannu ya kira na baya. Na koma wurin Madam, ta ce an riga an ba wani wurinsa. Ta ƙara da cewa in yi haƙuri. Haƙurin nan da ana dama shi da na cika tulu.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ba na son tunawa. Yaron ya daina wasa. Sai in fito in gan shi yana lilo a jikin azarar rumfa, wai hannunsa ya ƙara tsawo. In ya sauko ya ɗora hannu a ka ya gwada, ya sake hawa. Wata safiya na fito alwala na hangi 'yata, wadda ko kallonsa ba ta yi in ina wurin, ta zaunar da shi a bayan ɗaki tana shafa masa man gyaɗa a kafaɗa, tana jan hannun a hankali. Na koma ɗaki na yi tari, na ba ta lokaci ta tashi.

Ranar nan na naɗe tabarmata na ce, “Angona, tashi mu tafi lakwal.” Ajin 'yan farko ba gini ba ne, rumfar zana ce aka kafa a gefen fili. Na shimfiɗa tabarma a jikin zanar daga waje, na zaunar da shi, na ce ya buɗe kunnen da aka ce bai kamo ba. Abin da aka faɗa a ciki, yana maimaitawa a waje, yana zana shi a ƙasa da tsinke.

Mushen ajin, wato malaminsu, ya leƙo. Wani dogon saurayi ne siriri, ina ganin hancinsa na san Bafillace ne, kuma tsakaninmu da Fulani ai sai wasa.

Ya ce, “Iya, nan ba kasuwa ba ce.”

Na ce, “Ashe bawana aka ba ajin. Koma ka yi aikinka, ɗaga murya, ubangidanka na saurare.”

“Babarbariya ce ashe! Shi ya sa. Ku da kuka zo garin nan da gishiri a ka, yau ku ne da lakwal?”

“Mu muka saya muku wando, kuna bin shanu tsirara. Ina shanun yanzu?”

Ya ce, “Sun mutu, iya. Duka.” Na ce Allah ya mayar da alheri, don wasa ma yana da iyaka. Ya koma ciki, kuma na lura daga ranar ya matso da allonsa kusa da ɓangarenmu.

Awakin unguwa su suka ƙarasa aikin. Babu ciyawa ko ta rantsuwa a garin, sai suka far wa zanar ajin suna ci. Ni kuwa ban kore su ba, aikin gwamnati ne ta tsare bangonta. Ɓarakar ta yi ta faɗi har yaron yana ganin allo daga inda yake zaune, har in mushe ya yi tambaya aji ya yi shiru, sai a ji amsa ta shigo ta ramin awaki. Amma in rana ta take aka sauke tukunya, yaran ciki su yi layi da kwanoninsu, nawa sai ya juya wa filin baya ya ƙura wa ƙasa ido. Ƙamshin man da ake zuba wa abincin nan har cikin haƙarƙari yake shiga. Ina jin cikinsa yana kuka, shi ma yana jin nawa. Gudun da kunun jardan ya saya masa ya fara zubewa, har ya zamana a hanyar gida sai mun tsaya ya huta.

Wata rana bayan an tashi, mushe ya zo ya tsuguna a bakin tabarmata.

“Iya, wasu yara sun bi iyayensu kudu, akwai wuri. Na roƙi direkta, ya yarda a sake gwada shi gobe.”

“Hannun bai ƙaru ba.”

“Na sani. Shi ma direkta ya sani. Ki ce masa ya ɗan karkata kai kawai, kamar kowa.”

“Ba zan faɗa ba. Yaron nan ya kai bakwai a tsaye, don me zai kai ta a karkace? In karkatawa ake so, direkta ya karkata nasa.”

“Girman kan Barebari! To ke ki ci girman kanki ki ƙoshi. Shi me zai ci?”

Na zage shi, na zagi sandarsa da ƙwaryar nonon gidansu, ya tashi yana dariya. Amma maganar ta bi ni har gida. Ban ce wa yaron karkata ba, ban kuma ce kada ya karkata ba. Na ba 'yata labari a tsakar gida, yana zaune yana ji. Tana tankaɗen garin jar dawa, ba ta ɗago ba, ba ta dube shi ba. Sai ta ce, kamar da rariya take magana, “Wani ya gaya wa yaron can, kunne nasa ne, wuya ma nasa ne. Ba na kakarsa ba ne.” Tunda na haife ta ba ta taɓa sa baki a maganata ba sai ranar. Na buɗe baki in wanke ta, sai kuma na fasa.

Da safe muka tsaya gaban tebur ɗin nan. Mushe na gefe ya harɗe hannu. Direkta ya ce, “Bismilla.” Yaron ya ɗora hannu a ka, ya miƙa, yatsun suka tsaya inda suka tsaya a da. Sai ya juyo da ido ya dube ni. Ni kuwa na kau da kai na kalli awaki. Ban ba shi izini ba, kowa ya shaida, awaki kawai na kalla. Amma ta wutsiyar ido na ga siririn wuyan nan ya karye gefe guda a hankali, irin karyewar masu layin jar dawa, har kunnen ya zo ya sami yatsu.

Direkta ya ce, “Ka gani! Ya girma. Iya, ba na ce ki yi haƙuri ba?”

Wannan maganar ce ta ƙone ni, har yau ba ta huce ba. Na ce, “Bai ƙara ko tsawon ƙwayar gero ba, kai ma ka sani. Ranar farko da gaskiyarsa ya zo muku kuka kore shi. Yau ya karya wuya kun ce ya girma. To ku riƙe, karatun farko ke nan da kuka koya masa, kuma ba ni na biya kuɗinsa ba.” Direkta ya ce a shiga da yaro. Mushe ya kama hannunsa, suka bi ta ƙofa, ko da yake ramin awaki ya fi kusa. Na naɗe tabarmata na dawo gida ni kaɗai.

Da yamma ya dawo, bakinsa da maiƙo. Ya tsaya a gabana ya sandare wuya kamar soja, yana jiran faɗa. Na dube shi, na dubi cikin nan da ya ɗan tasa. Na ce, “Angona, me aka dafa?” Ya faɗa mini. Na ce, “Ka gode?” Ya ce ya gode, da hannu biyu ya karɓa. Na ce ya je ya wanke baki kada uwarsa ta ga ya fi ta maiƙo. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Ya yi karatu, ya yi nisa, yanzu shi ke riƙe da gidan nan, 'ya'yansa ne masu gato da kyandir. Amma ku lura da shi in babba yana yi masa magana, ko in ya shiga biro, ofishin gwamnati, neman wani abu: kansa yana ɗan karkata hagu, shi bai ma sani ba. Mutane suna cewa ladabi ne, wasu su ce alamar masu ilimi ce. Ni na san ranar da aka sa masa ita, na san tebur ɗin, na san inuwar. Duk Cika-ciki har yanzu shi nake fara tsame wa wutsiyar rago. In ya tsuguna zai karɓa, sai in sa tafin hannuna a kumatunsa in miƙar da kan, ya ce, “Kaka, mene ne kuma?” In ce ƙuda na kora.